Littattafan masana da ciwon sankara: darasi ga manomi

Sankara, wadda ake kira ciwon daji, cuta ce da ke tsirowa cikin jiki, ta yi ta yaɗuwa. Likita ba ya gane ta da ka. Akwai manyan littattafai da masu bincike, da likitoci, da ɗalibai suke dubawa.

A birnin Liyon na ƙasar Faransa akwai cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya. An kafa ta a shekarar 1965. Tun 1972 take fitar da littattafai masu bayyana abubuwan da ke haddasa cutar. Mu ma a Nijar, tun 1992 aka buɗe rajistar masu sankara a Jami'ar Yamai. Ta nuna cewa sankarar nono ta fi kama mata, ga maza kuwa ta hanta ce a gaba.

Mene ne ruwan manomi da waɗannan littattafai? Ruwansa babba ne. Sun tabbatar cewa funfunar da ke kama gujiya da masara tana fitar da wani dafi mai suna afalatoksin. Dafin nan yana lalata hanta sannu a hankali, har ya kai ga sankara. Tafasa abinci ba ta kashe shi. Haɗarin ya fi yawa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B.

To, me za mu yi?

1. Mu shanya amfanin gona ya bushe sarai kafin mu kai rumbu.
2. Mu toshe yoyon rumbu, mu ɗora buhuna bisa katako.
3. Mu tsince gujiyar da ta yi funfuna mu ƙone, kada mu ba yara ko bisashe.
4. Mu kai jarirai rigakafi. Tun 2008 allurar ciwon hanta tana cikin alluran yara a ƙasarmu.
5. Mu bar taba, domin ita ma littattafan sun tabbatar da sharrinta.

Mace in ta ji ƙullutu a nono, ko ta ga jini ba lokacin al'ada ba, ta je asibiti da wuri. A 2021 an buɗe sashen gashin sankara da na'ura a Yamai, amma magani ya fi ci idan cutar ba ta yi nisa ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi:
Wane dafi ne funfuna ke fitarwa?
Yaya za mu adana gujiyarmu bana?