Yadda Ake Zaɓar Tsarin Kulle Fayiloli a Manhajar Intanet

A ce an ba ka aikin gina shafin da ɗalibai za su riƙa ɗora takardunsu: hoton katin NIN, takardar haihuwa, sakamakon jarrabawa. Duk waɗannan fayiloli za su kwana a sabar. Ranar da wani ya samu ƙofar shiga, ko kwafin ajiya ya faɗa hannun da bai dace ba, abin da za a tambaye ka shi ne ko ɓarawon zai iya buɗe abin da ya kwasa. Zaɓen algoridim ɗin kansa aikin minti biyar ne, domin masana sun riga sun tace maka. Inda ake tuntuɓe shi ne abubuwan da ke kewaye da shi.

Mataki na 1: Tantance abin da kake son yi

Abubuwa uku ake yawan cakuɗawa. Base64 ba kulle ba ne, sauya wa rubutu kamanni ne kawai, kowa zai iya mayar da shi ba tare da mabuɗi ba. SHA-256 da danginsa kuma niƙa suke yi: hatsin da ya zama gari ba ya komawa tsaba, don haka amfaninsu shi ne tabbatar da cewa fayil bai canza ba, ba adana shi ba. Na ukun shi ne kulle na gaskiya, wanda mai mabuɗi zai buɗe ya sami fayil ɗinsa yadda yake. Shi muke nema a nan.

Kalmar sirri ta masu shiga shafi ba ta cikin wannan lissafi. Ita ba a kulle ta, niƙa ta ake yi da Argon2id ko bcrypt. Kamfanin Adobe ya sha wannan darasi a 2013, lokacin da aka sace bayanan asusu kusan miliyan 150, aka tarar kalmomin sirrin an kulle su ne da 3DES a salon ECB. Duk masu kalma iri ɗaya sai sakamakonsu ya fito iri ɗaya, ga kuma alamun tunatarwa a fili kusa da su. Masu bincike ba su ma nemi mabuɗin ba suka gano kalmomi da yawa.

Mataki na 2: Mabuɗi ɗaya ko biyu?

Idan sabar ɗinka ce ke kullewa kuma ita ke buɗewa, mabuɗi ɗaya ya ishe ka. RSA, mai mabuɗi biyu, ba a yi shi don ɗaukar kaya masu nauyi ba: mai bit 2048 tare da OAEP da SHA-256, bayit 190 kacal yake iya kullewa a lokaci guda, ko ƙaramin hoto ba zai shiga ba. Idan wani ne dabam zai buɗe fayil ɗin, sai a haɗa biyun: a kulle fayil da mabuɗi ɗaya, sannan a kulle shi mabuɗin da RSA ko X25519.

Mataki na 3: Zaɓi ɗaya cikin biyu

Na farko AES-256-GCM. AES aikin Joan Daemen da Vincent Rijmen ne, 'yan ƙasar Beljiyam, kuma hukumar NIST ta Amurka ta mai da shi ma'auni a 2001 bayan gasa ta fili. Galibin sabobin yau suna da umarni na musamman a cikin furosesa da ke hanzarta shi, shi ya sa da wuya ka ji nauyinsa. Na biyu ChaCha20-Poly1305, na Daniel Bernstein, wanda ya fi sauri a kan na'urar da ba ta da wannan taimako, kamar tsofaffin wayoyi masu araha. Dukansu biyun TLS 1.3 ya amince da su. Idan kana bin ƙa'idar banki ko ta gwamnati da ta ambaci AES, ɗauki na farko. In ba haka ba, ɗauki wanda laburaren harshenka ya fi sauƙaƙawa.

Sauran kuwa, ka bar su. DES mai mabuɗin bit 56, ƙungiyar EFF ta fasa shi cikin sa'o'i 56 tun 1998. An haramta RC4 a TLS a 2015. NIST ta daina amincewa da 3DES wajen sabon kulle bayan 2023. Idan darasin da ka samo yana amfani da mcrypt a PHP, rufe shi, an cire wannan tun PHP 7.2. Kuma kada ka ƙirƙiro naka tsarin da sunan ba wanda ya san shi. Tun 1883 Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar da har yau ake bi, cewa sirrin ya zauna a mabuɗi, ba a tsarin ba.

Mataki na 4: Duba haruffan da ke bayan AES

Nan ne wurin tsayawa. AES guntu-guntu yake aiki, bayit 16 a lokaci guda, kuma salon da ake jera guntayen shi ne waɗannan haruffa uku na ƙarshe. ECB yana kulle kowane guntu shi kaɗai, don haka guntaye iri ɗaya suna fita iri ɗaya. Akwai sanannen gwaji da hoton tsuntsun nan na tambarin Linux: bayan an kulle shi da ECB, launuka sun dagule amma surar tsuntsun na nan raɗau. Masu Java su kula, rubuta "AES" zalla a Cipher.getInstance yakan ba ka ECB ba tare da ka roƙa ba.

CBC ya gyara wannan, amma ba ya gane an taɓa fayil. Wani zai iya canza 'yan bayit a kullallen fayil, sabar ta buɗe ta miƙa maka gurɓatacce ba ta ce uffan ba. GCM da Poly1305 suna ƙara hatimi mai bayit 16. Ko bit ɗaya aka sauya, buɗewar za ta ƙi. Ga yadda yake a Node.js:

```
const iv = crypto.randomBytes(12);
const c = crypto.createCipheriv('aes-256-gcm', mabudi, iv);
const kullalle = Buffer.concat([c.update(fayil), c.final()]);
const hatimi = c.getAuthTag();
```

Layin farko shi ne mafi hatsari duk da gajartarsa. Wannan iv lamba ce ta amfani sau ɗaya. Ba sirri ba ce, ana ajiye ta a gaban fayil ɗin tare da hatimin, amma haramun ne a maimaita ta da mabuɗi ɗaya. Idan ka kulle fayiloli biyu da iv guda a GCM, mai kai hari zai iya gwama su ya fito da abin da ke ciki, har ma ya ƙirƙiri hatimin bogi. Na sha ganin kod da aka rubuta iv a ciki da hannu, sifili goma sha biyu, saboda "ya fi sauƙin gwaji", kuma haka aka kai shi aiki. Kada ka samo ta daga Math.random ko rand, ko daga agogo. Yi amfani da randomBytes, ko random_bytes a PHP, ko os.urandom a Python. Shawarar NIST ita ce kada mabuɗi ɗaya ya wuce kulle kusan biliyan huɗu da irin wannan iv. XChaCha20 mai iv ɗin bayit 24 ya ɗauke maka ma wannan damuwar.

Mataki na 5: Idan fayil ɗin babba ne

Misalin sama yana loda fayil gaba ɗaya a ƙwaƙwalwar sabar, haka ma Fernet na Python. Takardar haihuwa ba matsala, bidiyon gigabayit biyu kuwa zai durƙusar da ƙaramar sabar. A nan ka nemi secretstream na libsodium, wanda ke cikin PHP tun 7.2. Yana yanka fayil kashi-kashi, kowane kashi da hatiminsa, kuma yana ganewa idan an cire kashi, an sauya jeri ko an datse ƙarshe. Kada ka yanka da kanka.

Mataki na 6: Ina mabuɗin zai kwana?

Mabuɗin AES-256 bayit 32 ne da na'ura ta zaɓo ba tsari, ba sunan makaranta da shekara ba. Idan dole daga kalmar sirrin mutum zai fito, bi da ita ta Argon2id tare da gishirinta, wato lambar da ake zaɓowa ba tsari a gauraya da kalmar. A burauza, inda Web Crypto ke aiki, PBKDF2 ne ke nan a shirye, sai ka ba shi zagaye dubu ɗaruruwa. Sai dai ka gaya wa mai aikin tun da wuri: wanda ya manta kalmarsa ya yi bankwana da fayil ɗinsa.

Kada mabuɗi ya shiga cikin kod, domin kod yana tafiya GitHub. Kada kuma ya zauna a rumbun bayanai ɗaya da fayilolin. Ga ƙaramin aiki, saka shi a saitin muhallin sabar, a waje da babban fayil ɗin da jama'a ke iya kaiwa. Ga babba, bai wa kowane fayil nasa mabuɗin, sannan ka kulle waɗannan ƙananan mabuɗai da wani babba da ke AWS KMS, Google Cloud KMS ko HashiCorp Vault. Amfaninsa zai bayyana ranar canza mabuɗi: ƙananan kawai za ka sake kullewa, ba dubban fayiloli ba. Don wannan rana, rubuta lambar mabuɗi da sunan tsarin a kan kowane fayil tun yau. A Najeriya akwai ƙarin dalili, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, kuma za ka fi samun bakin magana idan abin da aka kwasa a kulle yake, mabuɗin kuma yana wani wuri.

Mataki na 7: Gwada ɓata shi

Kulle fayil ɗaya sau biyu, ka tabbata sakamakon ya bambanta. Canza bayit ɗaya a tsakiyar kullallen, ka ga buɗewar ta ƙi, kuma ba ko guntu da ya isa ga mai amfani kafin a duba hatimi. Daga nan ɗauko kwafin ajiya da mabuɗin, ka kai su wata kwamfuta dabam, ka buɗe fayil ɗaya da idonka kafin ka miƙa aikin.