Amsoshin Tambayoyinku: Akwai Maganin Ɗigawa Da Ke Wanke Yanar Ido?

Wani mai karatu daga Samaru ya ce mahaifinsa tela ne a kasuwar Sabon Gari. Yanzu zura zare a allura ya gagare shi, da dare kuma fitilun motoci a Kwangila na kashe masa ido. An ce yana ce. Shin akwai maganin ɗigawa da zai wanke ta, ko sai an jira ta nuna kamar yadda maƙwabta ke faɗa?

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma ya yi maka albarka. Da farko dai, yana ba a saman ido take ba, balle a wanke ta. A cikin ido, bayan ɗan baƙin tsakiya, akwai wata 'yar ƙwaya garau wadda ke tattara haske. Idan shekaru suka ja, sai ta fara dusashewa. Dubi farin ƙwai: ɗanye garau yake, amma da ya dahu ya yi fari, ba ya komawa yadda yake. To, haka ƙwayar nan take. Shi ya sa kwalli, zuma ko maganin ɗigawa ba sa warkar da ita.

Maganinta aiki ne, kuma ba babba ba. Likita zai kashe zafin idon, mutum na farke, ya cire ƙwayar da ta dusashe ya sa ta roba mai haske a gurbinta. Sau da yawa ba a kai rabin awa, washegari a cire bandeji. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, tun 1949 likita Harold Ridley ya fara ta a Landan.

Batun jira ta nuna kuwa, tsohon zance ne. A yau ma'aunin shi ne: ta hana mutum sana'arsa ko karatun Alƙur'ani? Ga tela, ai lokaci ya yi. Yanar da aka bari ta wuce kima takan tayar da hawan jinin ido, wato matsin da ke kashe jijiyar gani, wanda abin da ya cinye ba ya dawowa.

Abin da na fi jiye wa Baba tsoro shi ne masu yawo gari-gari suna ture yana cikin ido da tsinke. Mutum zai ga haske nan take, a yi ta murna, daga baya ciwo ya biyo. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa yana ce ke jawo kashi 43 cikin ɗari na makanta a Najeriya, kuma yawancin idanun da aka yi wa wannan turi sun ƙare a makance.

Ku kai shi sashen ido na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ga shi nan kusa da ku. Akwai kuma Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna. A auna masa sukari tukuna, domin ciwon sukari na gaggauta yana, haka ma taba sigari da yawan hasken rana.

Kai ma ɗana, in ƙurar hunturu ta sa maka ƙaiƙayin ido, kada ka saba da sayen maganin ɗigawa a kemis ba da izinin likita ba. Wasu na ɗauke da sinadarin sitiroyid, mai kwantar da ƙaiƙayi nan da nan, amma daɗewa a kansa na jawo yana da hawan jinin ido ko da ga matashi.