Ƙazuwa: Yadda Ake Gane Ta Da Yadda Ake Maganinta

Jama'a, in mutum ya yi wata da watanni yana susa, ƙuraje sun feso masa a jiki, dare ya yi ƙaiƙayin ya hana shi barci, sa'an nan wani a gidan ya fara irin wannan susa, to a yi zaton ƙazuwa ce.

Me ke kawo ta?

Wani ɗan ƙwaro ne wanda da ƙyar ido ke ganinsa. Macen takan haƙa rami a cikin fata, ta zauna tana saka ƙwai biyu ko uku kullum. Wanda ya kamu karon farko yakan yi mako 4 zuwa 6 bai ji komai ba, alhali yana ta rarraba ta. Cuɗanyar jiki da haɗa shimfiɗa ke yaɗa ta, shi ya sa ta yi yawa a makarantun allo da na kwana, da gidajen yari. Mai tsabta ma tana kama shi, don haka babu abin kunya. A 2017 Hukumar Lafiya Ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci.

Yaya ake ganewa?

Ma'aikacin lafiya zai duba tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da hammata, da cibiya, da ƙugu, da gaba. Jarirai kuwa har tafin hannu da tafin ƙafa da fatar kai. Sai an duba, domin masu zama kusa da rafi mai gudu suna iya samun ƙaiƙayi daga cutar makantar rafi, wadda maganinta yake da nasa tsari.

Magani

Akwai man permethrin, akwai benzyl benzoate, akwai man farar wuta. Permethrin ana shafa shi da dare daga wuya har tafin ƙafa, har ƙarƙashin farce, a wanke da safe, a maimaita bayan mako guda. Akwai kuma ƙwayar ivermectin, amma ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba.

Babban sharaɗi shi ne a yi wa duk mutanen gida magani rana ɗaya, mai susa da marar susa. A wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda mako guda. Ƙaiƙayi yana iya ci gaba har mako huɗu bayan magani, kada a karaya.

A guji man bilicin da haɗe-haɗen 'yan talla, domin suna kwantar da ƙaiƙayi, ƙwaron kuwa yana ƙaruwa. In ƙurajen suka yi mugunya, a hanzarta zuwa asibiti, domin suna iya taɓa ƙodar yaro.

Iyaye da malaman tsangaya, ku riƙa duba hannuwan yaranku. In kun ga ƙazuwa a jikin ɗaya, ku kai su duka asibiti.