Darasin Lafiya: Tausar Marma ta Indiya da Wuraren da Ba A Dannawa

A 'yan kwanakin nan tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa a majalisu da gidajen suna. Mutum ya ga bidiyo a wayarsa, ko an turo masa ta WhatsApp, ana danna tafin hannu ko tsakanin gira, ana cewa wai hanya ce ta Indiya mai maganin ciwon kai, hawan jini, har da shanyewar ɓarin jiki. Sunan wannan hanya marma. Tausa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, mun taso mun ga ana matsa wa tsofaffi ƙafa da man kaɗanya, mun san mai ɗori da wanzami. Saboda haka muka ga ya dace mu san asalin marma, mu san amfaninta da iyakarta, kafin mu miƙa wa kowa wuyanmu.

Asalin marma

Marma reshe ce ta tsohon ilimin magani na Indiya, wanda muke gani an rubuta Ayurveda a jikin kwalabe da alluna. A harshen Sanskirit ma'anar sunan ita ce ilimin rayuwa. Littafin da ya fi yin bayanin marma shi ne na Sushruta, likitan fiɗa da ake danganta shi da birnin Baranasi a bakin kogin Ganjis. Littafin ya haura shekara 1500, kuma a cikinsa har akwai yadda ake gyara yankakken hanci da fatar kumatu.

Kalmar marma ta fito daga tushen da ke nufin mutuwa. Mu ma muna da kalmarta a Hausa, wato makasa. Idan aka ce an bugi mutum a makasa, kowa ya san abin da ake nufi. A zamanin kibiya da mashi, likitocin Indiya sun lura cewa wani rauni babba ne amma mai shi ya tashi, wani kuwa ɗan ƙarami ne amma ya kai mutum kushewa. Sai suka tattara waɗannan wurare suka ƙidaya su, domin mai fiɗa ya san inda zai kauce da wuƙarsa. Wannan shi ne ginshiƙin darasinmu: lissafin marma tun farko lissafin wuraren haɗari ne.

Lissafin Sushruta

Sushruta ya ƙidaya wurare 107. Guda 44 suna hannuwa da ƙafafuwa, wato 11 a kowane ɗaya. Guda 26 suna ƙirji da ciki da baya. Sauran 37 suna wuya da kai. Girman kowane wuri da faɗin yatsa ake auna shi, wani rabin yatsa, wani ya kai tafin hannu.

Ya kuma raba su gida biyar bisa abin da ke faruwa idan an ji rauni a wurin. Guda 19 suna kisa nan da nan ko cikin 'yan kwanaki, kamar zuciya, cibiya, mafitsara da gefen kai. Guda 33 suna kisa bayan an ɗauki lokaci. Guda 3 kuwa mutum yana rayuwa muddin kibiyar tana jikinsa, da an zare ta sai rai ya fita. Guda 44 suna bar wa mutum naƙasa, kamar gwiwa da ke jawo ɗingishi, ko bayan kunne da ke jawo kurumta. Guda 8 na ƙarshe zafi mai tsanani suke kawowa, daga cikinsu akwai wuyan hannu da idon sawu. Wani babban littafin nasu, na Charaka, ya ware uku ya ce su ne manya: kai, zuciya da mafitsara.

Yadda ta zama tausa

A kudancin Indiya, a jihar Kerala, akwai tsohon wasan yaƙi mai suna Kalaripayattu. Malaman wasan suna koyar da inda ake bugun abokin gaba, suna kuma jinyar ɗaliban da suka yi targaɗe ko gocewar ƙashi, da tausa da mai. A jihar Tamil Nadu mai maƙwabtaka da su ana kiran irin wannan ilimi barmam, su kuma wurare 108 suke ƙidayawa. Daga irin waɗannan gidaje, da kuma al'adar shafa mai ta Ayurveda, tausar marma ta yau ta samo hanyarta.

Mai yin ta yakan ɗumama man riɗi ko man kwakwa, ya ɗora babban yatsa a wurin, ya danna a hankali yana juyawa na ɗan lokaci, sannan ya koma wani wurin. Bayaninsu shi ne akwai ƙarfin rai da suke kira prana mai zagayawa a jiki, idan ya toshe sai ciwo ya taso, tausa kuma tana buɗe masa hanya. Wannan fahimtarsu ce ta gargajiya, na'urorin asibiti ba su nuna prana ba. Abin da likitoci suka yarda da shi shi ne tausa mai laushi tana sassauta naman jiki da ya ɗaure, tana kwantar da hankali, tana rage ciwon baya da na kafaɗa na ɗan lokaci, tana kuma taimaka wa wasu su sami barci. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne ga wanda ya wuni a tsaye a kasuwa ko a zaune a kan sitiyari.

Inda tsohon littafi da asibiti suka haɗu

Akwai wurare huɗu da gargaɗin Sushruta ya dace da abin da likitocin yau suka sani.

Na farko gefen kai, tsakanin ido da kunne, wanda suke kira shankha. Ƙashin wurin siriri ne, kuma a ƙarƙashinsa akwai hanyar jini. Idan aka bugi mutum a nan, jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai. Yana iya tashi ya yi magana lafiya lau, bayan 'yan sa'o'i ya faɗi. Duk wanda ya bugu a nan, a faɗuwar babur ko a faɗa, a kai shi asibiti ko da ya ce ba ya jin komai.

Na biyu gefen wuya. Sushruta ya lissafa hanyoyin jini na wuya cikin masu kisa nan take. Ta nan manyan hanyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suka bi. Danna su yana iya rage bugun zuciya har mutum ya suma. Ga tsoho wanda kitse ya taru a hanyoyin jininsa, wani ɓarɓashi na iya ɓallewa ya tafi ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar da ake gudu. Kada mu bari kowa ya danna mana gaba ko gefen wuya, kowane suna ya ba aikinsa.

Na uku tsakiyar sharaɓa, wadda suke kira indrabasti. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, musamman bayan doguwar tafiya a mota ko jirgi, bayan haihuwa, ko bayan doguwar kwanciya, wataƙila gudan jini ne ya daskare a ciki. Matsa shi na iya tura gudan zuwa huhu, abin da ke kisa cikin ƙanƙanin lokaci. Irin wannan ƙafa likita take buƙata a ranar.

Na huɗu tsakanin babban yatsan ƙafa da na kusa da shi, wato kshipra. Littafin ya ce rauni a nan yana kawo mutuwa da sandarewar jiki, abin da masana da yawa suka fassara da tetanus mai sarƙe haƙora. Idan ƙusa ko ƙarfe ya soke mu a ƙafa, a wanke da ruwa da sabulu, a je a yi allura.

Abin da za mu iya yi a gida

Ga mai lafiya da gajiya ta kama, akwai wurare masu sauƙi. Tsakiyar tafin hannu da tsakiyar tafin ƙafa, da tsokar da ke tsakanin babban yatsan hannu da manuniya, da saman kafaɗu, da tsakanin gira da ɗan yatsa ɗaya a hankali. A yanke farce, a wanke hannu. Man kaɗanyarmu ko man kwakwa ya isa, ba sai an sayi mai tsada daga waje ba. A gwada ɗumin man a cikin wuyan hannu kafin a shafa wa wani. A danna minti ɗaya ko biyu, ana tambayar mai jiki yadda yake ji. Da ya ce da zafi, ko ya ji jiri, a tsaya. Tausar da ke sa mutum ya cije leɓe ta wuce gona da iri.

Waɗanda za su yi hattara

Mai ciwon sukari sau da yawa ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, mai mai zafi zai ƙone shi bai sani ba, ƙaramin gyambo kuma ya ƙi warkewa. Shafa mai laushi ta ishe shi, tare da duba tsakanin yatsu kullum. Mai shan maganin tsinka jini yana iya samun taruwar jini a ƙarƙashin fata. Tsofaffi, musamman iyayenmu mata, ƙashinsu na iya yin rauni har matsa mai ƙarfi ta karya haƙarƙari. Mai juna biyu ta tambayi ungozomar asibiti tukuna. Ba a danna kan ƙari, kumburi, gyambo ko karaya. Maɗigar jariri kuwa ba a taɓa ta da sunan magani. Idan ta faɗa ciki, musamman yaro yana zawo ko amai, ruwan jikinsa ne ya ƙare, a gaggauta kai shi asibiti.

Abin da tausa ba ta yi

Hawan jini yana iya sauka kaɗan lokacin da mutum ya kwanta ana masa tausa, amma yana komawa inda yake. Wanda ya ajiye ƙwayoyinsa saboda tausa ya sa kansa a hanyar shanyewar jiki da ciwon ƙoda. Haka ciwon sukari. Idan muka ga bakin mutum ya karkace, hannunsa ɗaya ya saki, ko maganarsa ta harɗe, kada a tsaya neman wurin dannawa. A kira 112 ko a ɗauke shi zuwa babban asibiti mafi kusa, kamar Korle Bu a Akara, Komfo Anokye a Kumasi ko asibitin koyarwa na Tamale. Sa'o'in farko su ne ke raba wanda zai sake tafiya da ƙafarsa da wanda zai kwanta. Tausa tana da wurinta daga baya, tare da masu gashin ƙashi na asibiti.

Kafin mu ba wani jikinmu

A Indiya kanta gwamnati ta kafa ma'aikata mai kula da Ayurveda da sauran magungunan gargajiya a 2014, kuma likitocinsu shekaru suke yi a jami'a. A nan Gana dokar maganin gargajiya ta 2000 ta kafa hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista. Ba rashin kunya ba ne mu ce wa mai tausa ya nuna takardarsa. Mai aikin kirki zai tambaye mu ciwon da muke da shi da maganin da muke sha kafin ya taɓa mu. Wanda ya ce mu bar maganin asibiti, mu tashi mu bar masa wurinsa. Idan kuma an haɗa mana da ƙwayoyi ko gari na sha, mu duba lambar rajistar FDA, domin an sha samun dalma da zaiba a cikin wasu magungunan Ayurveda, su kuwa guba ne ga ƙoda da ƙwaƙwalwa.

Tambayoyin bita

A karanta wa waɗanda ba sa karatu, sannan a tattauna waɗannan a gida. Me ya sa Sushruta ya ƙidaya wurare 107 tun farko? Waɗanne wurare ne ba za mu yarda a danna mana ba? Idan bakin Baba ko Inna ya karkace da daddare, wa zai kira mota, kuma wane asibiti za mu nufa? Gara a yanke wannan shawara yau, tun kowa yana lafiya. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.