Karnuka Nawa Suka Isa Gida Guda?

Cikin ƙararrakin da kan zo zauren hakimi akwai wadda ba ta da girma a ido, amma takan ɓata tsakanin maƙwabta shekara da shekaru. Mutum ya zo ya ce karnukan wane sun hana shi barci, ko sun kashe masa ɗan akuya, ko sun yagi ƙafar yaronsa a hanyar makaranta. A kirawo mai karnukan, ya ce gidansa ne, da guminsa yake ciyar da su, wa ya ƙayyade masa? Sa'an nan a waiwayi hakimi, a ce ya faɗi ko nawa ne daidai. An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu su sami abin da za su auna da shi in irin wannan magana ta taso.

A waɗansu ƙasashe an yanke adadi. A shekarar 2011 hukumar birnin Shanghai ta ƙasar Sin ta sa doka cewa gida ɗaya kare ɗaya. A garuruwa da dama na Ostareliya mutum yana iya ajiye biyu, in ya so ƙari sai ya nemi izini. Waɗannan dokoki an yi su ne domin birane inda gidaje suka yi kama da juna. Hakimi kuwa ƙasarsa ta haɗa gidan cikin gari mai ɗaki uku, da gidan gona, da ruga, da gidan maharbi, adadi ɗaya ba zai dace da su duka ba. Har wa yau a tuna, bisa ga Tsarin Mulki na 1999, tsara yadda ake ajiye dabbobin gida da yawonsu aikin ƙaramar hukuma ne. Abin da ke hannun hakimi shi ne sulhu da gargaɗi, da kai rahoto na gaskiya ga waɗanda ke da ikon yin doka. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, gama babu mai sanin gidajen kamarsa.

Tambayar farko: wane aiki yake yi?

Malaman fiƙihu sun riga mu duba wannan al'amari. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996, ya bayyana cikin Risala cewa ajiye kare ya halatta ne domin tsaron shuka, ko rakiyar dabbobi, ko farautar neman abinci, ban da wasa. An kuma ruwaito cewa sa'ad da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro, shi da kansa ya ajiye kare, da aka tuna masa da ƙyamar da Imamu Malik ya yi wa haka, ya amsa cewa da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Daga nan malamai da yawa suka yarda da karen tsaron gida in bukata ta kama. Abin lura shi ne duk inda aka yarda, an ɗaura yardar ne a kan bukata. To, in haka ne, kowane kare cikin gida sai a tambayi aikinsa.

Gidan cikin gari mai ƙofa ɗaya, kare ɗaya ya ishe shi, biyu in yana da faɗi ko yana bakin gari. Aikin karen tsaro ya ji motsi ya yi haushi, kuma biyar ba su fi ɗaya ji ba, sai dai su fi shi hayaniya, har mai gida ya saba ya daina tashi. Gidan gona da ruga, biyu ko uku. Maharbi na gaskiya, wanda sarkin baka ya san da zamansa, shi ne ke iya bukatar fiye da haka, kuma a bisa yawanci shi ya fi kowa kula da nasa, domin ya san sunan kowane ɗaya, in ya kira su zo. Waɗannan lambobi shawara ce, ba doka ba. Amma in aka tarar da kare takwas a gidan da ba shuka, ba garke, ba farauta, lalle akwai abin tambaya.

Abinci da haihuwa

Kare matsakaici, mai nauyin kilo 15 zuwa 20, yana bukatar abinci a yini kusan gwargwadon na yaro ɗan shekara biyu ko uku. Watau karnuka uku sun kai cin namiji baligi mai aiki. Wanda ya ce yana da shida, sai a tambaye shi ko a gidansa ana ɗora tukunya da rabon mutum biyu na ƙari. In ba a yi, ai ba shi ke ciyar da su ba, gari ne ke ciyarwa: juji, da bayan mahauta, da akurkin maƙwabci. Kare mai yunwa ba ya zama a gida, wanda ba ya gida kuwa ba tsaron da yake yi.

Akwai wata cuta da ke biyo wannan yawo wadda mutane ba su cika saninta ba. In kare ya ci hanta ko huhun dabba mai ƙullutun ruwa, irin wanda mahauta kan yanke su yar, sai wata 'yar tsutsa ta zauna cikin hanjinsa. Ƙwanta ya fito cikin kashinsa, ya shiga ciyawa da ruwa, tumaki da raƙuma su ɗauka, mutum ma ya ɗauka, ƙullutun ya girma cikin hantarsa sannu a hankali har sai an yi masa aiki a asibiti. Sarkin fawa na iya taimakawa ƙwarai a nan, in ya sa ana binne irin wannan nama da zurfi ko a ƙone shi.

Yawancin gidajen da karnuka suka yi wa yawa ba da niyya suka tara su ba. Karya takan fara ɗaukar ciki tun ba ta cika shekara ba, cikin nata kwana sittin da 'yan kai ne, takan haifi biyar ko shida. A ƙaddara karya ɗaya ta haifi shida, uku mata. Baɗi mata huɗu ke nan, kowace ta haifi shida, da dukansu za su rayu da gidan ya tashi da kare 31 cikin shekara biyu. Ba sa rayuwa duka, yunwa da cuta kan kwashe da yawa, sauran a raba wa yara ko a kai su bayan gari a yar. Waɗanda aka yar ɗin su ne karnukan da ba su da mai su. Saboda haka in malami yana ƙirga, karya ɗaya da ba a yi mata aikin hana haihuwa ba ta fi maza uku nauyi. Likitocin dabbobi suna yin wannan aiki, suna kuma yi wa maza fiɗiya.

Haukan kare

Da batun haushi ne da kaji kaɗai, da mai unguwa ya ishe shi. Abin da ya kawo shi gaban hakimi shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan kowane ɗaya daga kare ya samo shi. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar, ta shiga ta wurin cizo, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Takan ɗauki wata biyu ko uku kafin ta bayyana, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Rauni ya warke, an manta, sa'an nan mutum ya fara firgita da ruwa da iska. In ya kai nan, ba a cika samun wanda ya tashi ba.

Maganin yana nan tun tuni. Louis Pasteur na Faransa ya fara ceton yaro da allurarsa a shekarar 1885. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a can a 1924, tana yin allurar rigakafi ta karnuka. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kare 70 cikin kowane 100 na gari allura, cutar takan rasa hanyar wucewa daga wannan zuwa wancan, ta mutu. An gwada a birnin Njamena na Chadi a 2012 da 2013, inda aka bi unguwa-unguwa ana yi kyauta, aka wuce kashi 70 a shekarun biyu, cutar ta yanke na tsawon watanni. Daga baya ta komo, ta hanyar karnukan da aka shigo da su daga waje.

A nan ne maganar adadi ta sami ma'auninta na gaskiya. Malamin dabbobi ba ya iya yi wa kare allura sai an riƙe masa shi. Karen da ya saba da hannun mai shi, yaro ma ya jawo shi da igiya. Wanda ya tashi a juji, ba a taɓa shafa kansa ba, da ya ga baƙo da akwati sai ya tsallake danga. A ɗauki ƙauye mai kare 200 misali. Ana bukatar 140. In gida goma suna da takwas-takwas, kowanne ya iya kama biyu kaɗai, an rasa 60 tun ba a je ko'ina ba, kare ɗaya ya ƙara kuɓucewa a wani gida aikin ya gaza. Gida goma sun ɓata wahalar gari duka. Ga shi kuma allurar shekara-shekara ake maimaita ta, domin tsofaffi suna mutuwa, kwikwiyoyi marasa rigakafi suna maye gurbinsu.

Don haka tambayar da ta fi kowace amfani ga hakimi ita ce: ranar allura, nawa za ka iya kawowa da igiya a wuya? Adadin da mutum ya kawo shi ne iyakar abin da ya iya riƙewa. Abin da ya ragu a gida ya yi masa yawa, ko da ɗaya ne cikin biyu.

Aikin malamin hakimi

Ba a san kashi 70 na abin da ba a ƙirga ba. Ya kamata malami ya buɗe littafi, ya bi ta hannun dagatai da masu unguwanni, ya rubuta sunan mai gida, da yawan karnukansa, maza nawa mata nawa, da aikinsu, da ranar allura ta ƙarshe. Ya nemi ganin takardar shaida, kada ya tsaya ga an ce. Ya rubuta kwikwiyoyi, gama masu gida ba su kan lissafa su ba, alhali da su yara suka fi wasa. Ya kuma bayyana wa mutane tun farko cewa ba ƙirgar haraji ba ce. Waɗanda iyayensu suka ga zamanin jangali sun iya ɓoye dabba, in suka yi zaton kuɗi za a karɓa littafin ba zai cika ba.

A sa ido musamman a kan gidajen da ake tara karnuka domin sayarwa. Akwai fatake da ke bin ƙauyuka suna saye suna kaiwa kasuwanni irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta Jihar Filato. Inda aka tara karnuka daga garuruwa dabam-dabam a wuri ɗaya, ba a san tarihin ko ɗaya ba, ɗaya mai cutar ya isa. Irin wannan gida a sanar da ofishin dabbobi labarinsa.

In an tarar gida ya wuce ƙarfinsa, kada a yi gaggawa. Al'adar da ta fi saurin zuwa zuciya bayan an ciji yaro ita ce a fita a kashe duk karen da aka gani, ko a watsa guba. An jarraba wannan a ƙasashe da yawa, bai kawar da cutar ba. Karnukan da suka saba da mutane, watau waɗanda aka yi wa allura, su ke fara faɗawa hannu. Masu su su nemo kwikwiyoyi daga wani gari su maye, wataƙila har da cutar. Gubar kuma ta kashe ungulu da kaji, ta kai ga rijiya. Abin da ya fi shi ne a zauna da mai gidan gaban mai unguwarsa, a yanke masa wa'adi: ya kai su allura, ya hana matan haihuwa, ya gyara dangarsa ko ya ɗaure su da dare a inuwa da ruwan sha kusa, waɗanda ba zai iya ba ya ba manomi ko makiyayi da ke bukata, bayan an yi musu allura. In ya ƙi, a rubuta wa ƙaramar hukuma. Ɓarnar da suka riga suka yi kuwa, ta akuya ce ko kuɗin magani, a sulhunta ya biya.

Ran da aka kawo labarin cizo, abin farko a wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai mutumin asibiti a ranar, kada a jira a ga abin da zai faru, kada kuma a tsaya ga maganin gida. Allurar mutum ana maimaita ta a ranaku dabam-dabam, sai a tabbata ya koma ya cika su. Karen, in yana kamuwa ba tare da haɗari ba, a tsare shi kwana 10 a sa masa ido. In ya mutu ko an kashe shi, kada a fasa kansa, kada a feɗe shi, a kira malamin dabbobi, domin da ƙwaƙwalwar ake yin gwaji. Malami ya rubuta ranar, da sunan mai karen, da yawan sauran karnukan da ke kwana tare da shi a gidan.