Ɗiyata, Ki Fito da Maganin Shaƙar daga Akwati

Ɗiyata, saƙonki ya iso ni bayan la'asar, na saurare shi har sau biyu. Kin ce kin ji wata mata a waya tana ba da labarin yadda ta bar cin alkama, asmarta ta tafi, ƙaiƙayin jikinta ya kwanta. Kin ce ke ma kin hana jikana burodi da taliya, har kin ɗauke maganin shaƙarsa kin tura ƙasan akwati. Rabin abin da kika yi ya faranta mini rai. Ɗaya rabin ne ya hana ni runtsawa.

Abin da masu barin alkama ke gudu, wanda suke kira gulutin, shi ne danƙon da ke cikin alkama da sha'ir, wanda ke sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi ya kumbura. Gero ba shi da shi. Dawa, masara, shinkafa, wake, gyaɗa, rogo, duk babu. Abincin da mutanen Turai ke nema da tsada, shi kakarki ta raine mu da shi a nan Konni. Ina ganinta har yanzu, ta surfa gero ta wanke, ta daka ta cura, ta dama da nonon da Bafulatana ta kawo da hantsi. Da dare tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, da rana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, a yanka albasar Galmi a kai. Alkama ba baƙuwa ba ce gare mu, ana noma ta da rani da ruwan madatsun Mozage da Zango, amma a da abincin sha'ani ce, alkaki da finkaso ranar salla ko biki. Yanzu yaro ya karya da burodi, ya wuni da taliya, ya kwana da biskit da lemon kwalba. In kin mai da shi ga fura da wake da ganye, Allah ya yi miki albarka. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai kuma mutanen da alkama ke cutarwa da gaske, ba na musun wannan. Cutar ana ce mata siliyak, tana kama kamar mutum 1 cikin 100 a duniya. Wani likitan yara a ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya lura lokacin yunwar ƙarshen yaƙin duniya na biyu cewa wasu yara masu zawo sun samu sauƙi da burodi ya ɓace, suka koma ciwo da ya dawo. Ya rubuta bincikensa a 1950. Kada ki ce ciwon Turawa ne kaɗai, don a 1999 an auna yaran Saharawi aka tarar fiye da 5 cikin 100 suna da ita. Alamunta zawo mai daɗewa, kumburin ciki, ƙarancin jini, yaro ya ƙi girma. Wasu tana fito musu a fata, ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi mai tsanani a gwiwar hannu da ta ƙafa, dama da hagu daidai. Irin waɗannan barin alkama shi ne maganinsu har ƙarshen rai. Sai dai ki riƙe wannan: awon jinin ba ya nuna gaskiya sai mutum yana kan cin alkamar, don haka a auna tukuna kafin a hana. Akwai kuma wanda da ya ci, kafin awa biyu borin jini ya taso masa, leɓe ya kumbura, ƙirji ya toshe. Masu gasa burodi ma ƙurar fulawa kan sa musu asma.

To jikana fa? Wata uku kenan ba ya cin burodi, kin ce, amma daren jiya ya kwana zaune. Ashe ba a tukunya ɓarawon yake ba.

Shekarun da na yi ina aikin jinya, na san lokacin masu asma. Da hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, sai a fara shigo da su tsakar dare. Ba na manta wani yaro ɗan shekara shida da ubansa ya goyo a babur daga wajen Dogerawa. Ya dafa gwiwoyinsa ya sunkuya, ƙirjinsa na fito kamar usur, fatar tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa da kowane jan numfashi, ya kasa haɗa kalma biyu. Asma kumburi ce a hanyoyin iska na huhu: su kumbura, su matse, majina ta cike ɗan wurin da ya rage. Abin da ke tayar da ita a wurinmu kin san shi. Ƙurar hunturu ce, da hayaƙin icce a madafa marar taga, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da ƙaiƙayin gero lokacin sussuka, da ƙurar manyan motoci ga wanda gidansa ke bakin kwalta daga Tsarnawa zuwa Malbaza. Sai mura a kan duka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma, ta kashe 455,000, akasarinsu a ƙasashe irin namu, inda magani ba ya isa hannu da wuri. Ke naki yana hannu, kika rufe shi a akwati.

Maganin shaƙa iri biyu ne. Shuɗin nan, Ventoline, shi ke buɗe ƙirji cikin mintoci in abin ya taso. Ɗayan kuwa, wanda likita kan ce a shaƙa kullum, shi ke kwantar da kumburin sannu a hankali, ko da yaro na wasa lafiya lau. Masu cewa in an saba da shi ba a rabuwa, ba su taɓa kwana a kan yaro mai neman iska ba. Kuma yaro ƙarami ba ya iya haɗa fesawa da jan numfashi. Ki samu gorar ruwa ta roba mai rabin lita, ki wanke ta bushe, ki huda gindinta daidai bakin maganin, ki cusa shi ya zauna daram. Ya kama bakin gorar da leɓensa, ki fesa sau ɗaya, ya ja numfashi kamar sau biyar, sannan ki sake in likita ya ce biyu. An gwada dabarar nan a Afirka ta Kudu, ta yi aiki. In kin ga ya kasa magana ko shan ruwa, ko leɓensa ya sauya launi, kada ki jira asuba. Ki fesa masa kuna kan hanya, ko asibitin Konni ko na Galmi, wanda ya fi kusa. Tarin da ya wuce mako biyu da rama kuwa, a auna majina, don tarin fuka daban yake.

In yaron na susa, fatar ma a duba ta da ido kafin a zargi abinci. In ƙaiƙayin ya fi da dare, kuma ƙannensa ma suna susa, ƙazwa ce, gida duka za a yi wa magani a wanke shimfiɗa. In kirci ne a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, wannan ɗan'uwan asma ne, sau da yawa tare suke zuwa. Ki rage masa sabulu mai kaifi, ki shafe shi da man kaɗanya da ya fito wanka jiki bai gama bushewa ba, ki yanke masa farce. Man shafawa na masu tebur, wanda ke kashe ƙaiƙayi yau ya cinye fata gobe, kada ya shigo ɗakinki.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da ya ci, da inda ya yi wasa, da daren da ƙirjin ya tashi. Bayan wata guda mu kai wa likita tare. Na ba direba tiya biyar ta gero da kwalbar man kaɗanya, za su iso ki gobe in Allah ya yarda. Maganin kuwa ki fito da shi yau kafin magariba, ki ajiye kusa da matashinsa. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yaron.