Kafin Ka Miƙa Ɗanka Ga 'Yan Sikawut

'Yan uwa, duk lokacin da hutun makaranta ya ƙarato, iyaye kan tambaye ni: "Malam, yarona yana son shiga sikawut, in bar shi?" Amsata ita ce asalin abin halal ne, amma hukuncin yana bin yadda ake tafiyar da rundunar da ke unguwarku. To, bari mu fara sanin yadda take aiki.

Wani hafsan sojan Ingila, Robert Baden-Powell, shi ya assasa harkar a 1907, ta iso Najeriya a 1915. A yau ƙasar da ta fi kowace yawan 'yan sikawut ita ce Indunusiya, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Ka ga ke nan ba asalin wanda ya fara ne abin dubawa ba, abin da ake koya wa yaro shi ne magana.

Ana raba runduna zuwa ƙananan rukunai, kowane da yara shida zuwa takwas, kuma shugaban rukuni yaro ne daga cikinsu. Shi zai raba aiki: wane ya ɗebo ruwa, wane ya hura wuta, wane ya kafa tanti. Babban jagora yana gefe yana lura, ba ya karɓe musu aikin. Galibi sukan haɗu sau ɗaya a mako, su koyi ɗaurin igiya, taimakon gaggawa ga wanda ya ji rauni, karanta taswira da girki. Wanda ya ƙware a wani fanni sai a ba shi bajo ya liƙa a riga.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Abu Dawud ya ruwaito umarnin Annabi (SAW) cewa ko mutum uku ne suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. Kuma ya ɗora Usama bin Zaid a kan runduna yana matashi, alhali akwai manyan sahabbai a cikinta. Yaron da ba a taɓa damƙa masa amanar mutum shida ba, ta yaya zai riƙe gida gobe?

Sabon shiga kuwa, ba ranar farko ake ɗaura masa ƙyallen wuya ba. Zai yi makonni yana zuwa, ya koyi dokoki da alƙawarin ƙungiya, wanda ya ƙunshi sauke haƙƙin Allah, da na ƙasa, da taimakon mutane. Daga nan a yi taron karɓarsa, a gayyaci iyaye. Waɗannan makonnin naka ne kai ma, uba. Ka je da ƙafarka, ka zauna, ka tambaya:

1. Wane ne jagoran, kuma wa ya san shi a unguwa?
2. Idan lokacin salla ya yi, ana tsayar da komai?
3. A sansani, ina maza suke kwana, ina mata, kuma wa ke kula da su?
4. Shin ana barin babba ɗaya ya keɓe da yaro? Runduna ta gari ba ta yarda da haka, dole manya su kai biyu.
5. Nawa ne kuɗin kaki da na sansani?

Jagoran da ya ɓata rai don ka yi waɗannan tambayoyi, to ka riƙe ɗanka.

Ku kuma jagorori, ku ji tsoron Allah game da sababbin iyalai. Ku tarbi uba ko uwa da fuska, ku yi bayani da Hausa, kada turanci ya sa su ji kunyar tambaya. Ku haɗa sabon yaro da wani tsohon hannu da zai riƙa jan sa. Kada rashin kuɗin kaki ya kori maraya ko ɗan talaka. Ku tattara kakin waɗanda suka girma ku ba su, cikin sirri.

Yaro in bai samu rukunin kirki ba, zai samo wani da kansa a bakin titi, kuma mun san abin da ake sha a can. Zaɓin rukunin yana wuyanmu, za kuma a tambaye mu.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Wallahu a'alam.